Ciyawa a Lambun Gangare

Mai lambu a shimfiɗaɗɗen fili in ciyawa ta dame shi, fartanya ta ishe shi. Shi kuwa na gangare, irin lambunan da ke gefen tsaunukan Jos, in ya yi wa ƙasa aski ƙwal, ruwan Agusta guda zai kwashe takin shekara ya kai wa maƙwabcinsa na ƙasa kyauta. Saiwar ciyawar da yake jin haushi ita ke riƙe masa da ƙasar. Don haka duk inda aka cire ciyawa a gangare, dole a sa wani abu a gurbinta.

Ciyayin ma ba halinsu ɗaya ba. Ƙarangiya da harƙiya da kashin yawo da iri suke yaɗuwa. A sare su kafin su yi fure, a bar saiwar a ƙasa, shi ke nan. Masu taurin kan su ne tofa da kiri-kiri da aya-aya, waɗanda ƙarfinsu ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya bi tofa da garma yana datsa saiwarta, shuka ta yake yi bai sani ba, domin kowane guntu sai ya tsiro. Da rani ake tono su, a baza a rana su bushe ƙayau. Kada a kuskura a jefa su ramin taki.

Daga sama ake fara aiki, tunda irin ciyawa ruwa yake bi ya gangaro. A ja kunya a gicciye, a tare gangaren da layin jema ko gamba, ko jerin duwatsu kamar yadda manoman Adar ke yi a wajen Keita. Tsakanin shuka kuma a rufe ƙasa. Buntun shinkafa ba ya zama, ruwan farko zai tafi da shi. Karan dawa ya fi, a kwantar da shi a gicciye a kafa masa 'yan turaku. Abin da ya fi duka a ganina shi ne rufi mai rai: dankalin Hausa, kabewa ko wake mai yaɗo. Tofa ba ta jure inuwa, in ganye ya lulluɓe ta sai ta rame.

Maganin feshi fa? Mai sinadarin glyphosate yana kashe tofa har saiwa, amma yana son sa'o'i ba ruwa, kuma ba ya bambanta ciyawa da tumatir. A fesa wa kurmin da ya gagara kaɗai, ranar da babu iska babu hadari. Masu feshe gangare gaba ɗaya suna manta cewa akwai rafi a ƙasa, ana sha, ana shayar da dabbobi.

Sai batun taki. Ɗanyen kashin shanu cike yake da irin ciyawar da suka ci. A tara shi ya ruɓe sosai tukuna, sannan a zuba shi a gindin shuka maimakon a watsa ko'ina.