Ƙaramin Ya Gani, Babban Bai Ji Ba

Ran Lahadi 27 ga Maris 1977, waɗansu manyan jiragen sama biyu suna tsaye a wani ƙaramin fili a tsibirin Tenerif. Tsibirin na ƙasar Sifen ne, amma yana cikin teku kusa da gaɓar Afirka, yamma da Maroko. Ba can jiragen suka nufa ba. Bam ne ya fashe a filin jirgin Las Palmas, a wani tsibiri da ke kusa, aka ce su sauka Tenerif su dakata. Ɗaya na kamfanin KLM ne na ƙasar Holan, ɗaya kuma na Pan Am na Amurka. Dukansu Boeing 747 ne, a lokacin kuwa babu jirgin fasinja da ya kai shi girma.

Mai tuƙin jirgin KLM, Kyaftin Jacob van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban masu koya wa matuƙa irin wannan jirgi a kamfaninsu, har hotonsa ake sawa a talla. Mataimakin da ke zaune kusa da shi kuwa, kyaftin ɗin ne da kansa ya jarraba shi a kan jirgin ba da daɗewa ba. Ka riƙe wannan, ya mai karatu, gama a nan maganar take.

Kyaftin yana cikin damuwa. Dokar Holan ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi zai yi yana aiki, in kuwa lokacin ya cika, dole ya ajiye jirgi, a nema wa mutum fiye da 200 wurin kwana. Ga shi hazo ya sauko ya rufe filin, har masu tsaron hasumiya, wato masu ba jirage izini ta rediyo, ba su ganin jiragen. Da aka buɗe Las Palmas, aka ce KLM ya bi titin tashi zuwa ƙarshensa ya juyo, Pan Am kuma ya biyo baya ya ratse a wata mararraba.

Da KLM ya juyo, sai kyaftin ya soma ba inji wuta. Mataimaki ya ce a dakata, ba a ba su izini ba tukuna. Kyaftin ya ce ya tambaya. Hasumiya ta faɗa musu hanyar da za su bi bayan sun tashi, amma wannan ba izinin tashi ba ne. Kyaftin ya ɗauka shi ne, ya saki birki. Mai hasumiya ya ce su tsaya zai kira su, a daidai wannan lokaci kuma matuƙan Pan Am suka ce har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu a rediyo, suka zama ƙara kawai. Saura mutum ɗaya. Injiniyan da ke zaune a bayan matuƙan ya ji wata magana, ya tambaya ko Pan Am bai fita daga titin ba. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniya bai ƙara cewa kome ba.

Mutum 248 da ke cikin KLM duka suka rasu. A cikin Pan Am 335 suka rasu, 61 suka tsira. Jimla 583 ke nan, har wa yau kuwa ba a yi hatsarin jirgin sama da ya kai wannan asarar rayuka ba. Inji bai lalace ba, fiffike bai karye ba.

Mun san abin da aka faɗa a ɗakin tuƙin domin akwatin nan da yake naɗar muryoyin matuƙa. Baƙin akwati ake ce masa, ko da yake launin lemo gare shi, domin a gan shi da sauƙi cikin tarkace. Ƙa'idar duniya kuwa ita ce, ana binciken hatsarin jirgi domin a hana irinsa nan gaba, ba domin a sami wanda za a ɗora wa laifi ba. Saboda haka aka gyara maganar rediyo. Yanzu ba a furta kalmar da take nufin tashi sai sa'ad da ake ba da izinin ko ake janye shi, matuƙi kuma ya kan maimaita abin da aka faɗa masa domin a tabbata ya ji daidai.

Wannan gyara mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne na zuciya. A Disamba 1978 wani jirgin kamfanin United ya yi ta kewaya garin Portland na Amurka wajen sa'a guda, kyaftin yana fama da matsalar ƙafafun sauka. Abokan aikinsa sun ga mai yana ƙarewa, sun ambata, amma ba da ƙarfin da zai sa ya farga ba. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 10 suka rasu. A 1979 hukumar NASA ta tara masana a kan wannan al'amari, a 1981 kuma United ya soma koya wa matuƙansa sabon darasi. Ana koya wa ƙarami yadda zai kira babba da suna, ya faɗi abin da ya gani a fili, ya kawo shawara, ya kuma nemi amsa. Ana koya wa babba ya tambaya, ya saurara. Kyaftin ne mai yanke magana har yanzu, ba a karɓe masa girmansa ba. Kamfanoni kuma suka buɗe hanyar da ma'aikaci zai ba da rahoton kuskurensa ba tare da tsoron kora ba, gama kuskuren da aka ɓoye yau, shi wani zai sake yi gobe.

Mu da aka rene mu da kunya da ganin girman na gaba, wannan magana tana da nauyi a gare mu. Biyayya abu ne mai kyau, ba na kuwa so a rasa ta. Amma mu tuna da Na'aman a cikin 2 Sarakuna sura 5. Yarinya baiwa ce ta fara nuna masa inda zai warke. Da ya juya cikin fushi, barorinsa ne suka matso, suka yi masa magana da ladabi, ya kuwa ji. Sau nawa uwargida ko ɗa ke zaune a mota, suna ganin maigida yana gyangyaɗi, su yi shiru domin kada a ce sun raina shi?

Kada kuma mu ce abin na nesa ne. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgi da Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya nemi a cika su, amma ba a sami iskar nan da nan ba, mai kula da aikin kuma bai yarda a makara ba. Tayoyin suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, yawancinsu maƙwabtanmu ne.

Akwai kuma ranar da darasin ya yi aiki. Ran 19 ga Yuli 1989 injin wutsiyar wani jirgin United ya tarwatse a sama, ya yanke dukan bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Kyaftin Al Haynes bai ce shi kaɗai ya iya ba. Wani malamin matuƙa yana cikin fasinjoji, ya ce zai taimaka, kyaftin ya karɓe shi, ya ba shi aikin ƙara wa injuna biyu da suka rage wuta da rage musu, da haka suka riƙa juya jirgin. Su huɗu suna shawara har suka kai filin Sioux City. Jirgin ya kife wajen sauka, ya kama wuta, mutum 112 suka rasu. Amma cikin 296 da ke ciki, 184 suka tsira. Daga baya Haynes ya bayyana cewa a cikinsu babu wanda ya taɓa gwada irin wannan sauka ko sau ɗaya, don haka bai ga dalilin da zai sa ya ɗauka ya fi sauran ukun sani ba.