Illela, Garin da Iyaka Ta Raina

Wanda ya bar Sakkwato ya yi arewa ta Kware da Gwadabawa, bayan kilomita 80 da 'yan kai zai iso Illela, inda babbar hanyar da ta taso tun daga Legas take ƙarewa a bakin shingen kwastan. Daga shingen zuwa Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintuna ce a kan kabu-kabu. Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 11, cikinsu har da Garu, Araba, Kalmalo, Damba da Gidan Hamma, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 150 da 'yan ɗaruruwa. Kada a haɗa ta da takwararta Illela ta jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar. Galibi ƙaramin gari yakan girma ne a inuwar babban birni, ya ci daga kasuwarsa, ya sha daga famfonsa. Illela kuwa iyaka ce ta yi mata goyo, kuma abin da ke ciyar da ita shi ne bambancin kuɗi, farashi da doka tsakanin ƙasashe biyu. Daga nan arzikinta ya fito, kuma a nan rauninta yake, domin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bambance-bambance da ake yanke hukuncinsa a Illela.

A Amurka, alal misali, garuruwan da suka girma a inuwar birni sun tashi ne a kan mota, hanya da lamunin gida. A 1947 wani kamfanin gine-gine ya fara Levittown a gonakin dankali na Long Island, ya gina gidaje sama da dubu 17 cikin shekara huɗu, yawancinsu don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum ya kwana can, ya wayi gari ya tafi aiki New York. Makamancin haka a wajenmu shi ne yadda Kano ta malala cikin Ungogo da Kumbotso, ko yadda Sakkwato take cin gonakin Wamakko. Illela ta yi wa Sakkwato nisan da ba za ta zama ɗakin kwananta ba. Danginta su ne Jibiya, Maigatari da Kamba, garuruwan da suka ba babban birninsu baya suka fuskanci tsallake.

Kafin zuwan Turawa, Ƙonni ce birni mai ganuwa da sarauta a wannan yanki, kuma ƙasar da ke tsakaninta da Sakkwato bakin daga ce. Muhammadu Maiturare, Marafan Gwadabawa wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, shi ya yi suna wajen zaunar da jama'a a wannan arewaci. Sai Ingila da Faransa suka shiga rabon ƙasa a kan takarda. Yarjejeniyarsu ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, abin da ya jefa Ƙonni cikin rabon Ingila. Duk da haka, a watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa birnin, ta yi kisan da har yau ba a manta da shi ba. Faransawa kuma suka yi ta ƙorafin cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyi a kanta, don haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa duwatsun iyaka. Ƙonni ta koma hannun Faransa, ƙauyukan da ke kudu da ita suka zauna a hannun Ingila. Da layin 1898 ya tabbata, da wuya a yau a san Illela fiye da ƙauye a bayan Ƙonni, kuma shingen kwastan yana can wani wuri kusa da Tawa. Masu cewa iyaka ƙaryar Bature ce suna da gaskiya ta fuskar jini, aure da harshe, amma wannan ƙarya ita ta ba garin sana'a.

Sana'ar kuwa a fili take ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela. Shanu, raguna da raƙuma suna gangarowa daga Adar da Azbin zuwa kara, daga nan a loda su a tirela zuwa kudu. Albasar Galmi da wake suna bin sawu, yayin da gero, masara, taki da kayan masana'antun Najeriya suke haurawa arewa. Ƙonni tana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, kusa da mararrabar Tawa da Agadas, don haka duk abin da ya tsallaka ya sami ƙafa. A kan kowane sa guda akwai bakin mutum da yawa: dillali, fatoman da ya sauki baƙo, ɗan kamasho, mai lodi, mai shayi, da ɗan canjin da ke juya naira da sefa a ka ba tare da alƙalami ba. Manomin Garu da ya yi kiwon rago don Babbar Sallah, farashin da zai samu ya dogara da yadda jakar sefa ta kwana a hannun 'yan canji. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, dabbar Nijar ta yi araha ga mai naira dare ɗaya; da naira ta faɗi a 'yan shekarun nan, sai lissafin ya juye, hatsin Najeriya ya zama mai araha ga mai sefa.

Wani zai ce duk wannan ado ne, ainihin abin da ya gina garin fasa-ƙwauri ne. Ba za a musa ba, shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano ta daɗe tana zagayowa ta Nijar, kuma fetur mai tallafi ya daɗe yana fita cikin jarkoki har zuwa 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin. Sai dai a duba wa ke shan wuya idan aka rufe ƙofa. An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986. An sake rufewa a Agustan 2019, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mai injin ban-ruwa da mai niƙa suka biya laifin da ba su yi ba. Sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Illela tare da Seme, Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake datsewa har Maris 2024. A kowane karo babban ɗan fasa-ƙwauri yakan sami ɓarauniyar hanya, ya ƙara wa kayansa kuɗi, riba ma ta ƙaru. Wanda ke zaman kashe wando shi ne ɗan dako, direban da albasarsa ta ruɓe a layi, da matar da ke sayar da abinci a tasha. Idan rufe iyaka magani ne, to an sha ba mai lafiya shi an bar majinyacin.

Akwai kuma mai cewa ai kowane gari da abin da ya dogara a kai, Kano ma kasuwa ce. Haka ne, amma Kano tana da rini, jima, masana'antu da Dam ɗin Tiga, abubuwan da ba a kulle su da sanarwar rediyo. Abin da ya kamata ya zama irin wannan madogara ga Illela shi ne Tafkin Kalmalo, wanda ruwan kwarin Majiya ke zubowa cikinsa daga Nijar. An taɓa yin shirin noman rani a kansa. Da aka gina madatsun Mozage da Zango a tsallake don ban-ruwan Ƙonni, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da ke isowa ya ragu ƙwarai. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, sun kuma sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yadda za su raba ruwan rafukan da suka haɗa su, har da Majiya. Takarda tana nan. A ganina wannan ne babban rashin da yankin ya yi, ya fi kowace rufe iyaka, don tafki mai ruwa zai riƙe matasan Kalmalo da Garu a gida da rani ko an buɗe shinge ko an rufe. Yanzu ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashi da arewacin jihar Sakkwato, tana kora mutanen ƙauye zuwa cikin gari, garin yana faɗi ba tare da ruwan famfo, magudana da azuzuwa sun bi shi ba.

Fatan da ake yi yanzu ya rataya ne a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, kuma daga Illela za ta fara. Hanya alheri ce, tirelar shanu za ta isa kudu da sauri, albasa ta rage asara. Amma hanya mai kyau tana iya ɗauke ciniki kamar yadda take kawo shi, domin motar da ba ta da dalilin tsayawa wucewa take yi. Abin da zai tsayar da ita shi ne mayanka mai ɗakin sanyi, rumbun adana albasa, kara mai ruwa da likitan dabbobi, da filayen da aka yanka da tsari kafin 'yan kasuwar fili su riga hukuma. Kuma hanyar za ta taso ne daga bakin Nijar, ƙasar da ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, wato ƙa'idar shige da fice da ta harajin kaya a wannan shinge tana jiran abin da Abuja da Yamai za su daidaita a kai.