Rancen Gina Gida: Dillali Ko Banki?

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin gida ya bambanta da sauran basussuka, domin mutum ya kan ɗauke shi yana da ƙuruciya, ya gama biya da furfura. Saboda haka ya kamata akawuna da malaman makaranta na ƙasar Haɗejiya su tsaya su yi tunani kafin su zaɓi hanyar da za su bi: ko su danƙa al'amarin a hannun dillali, ko kuwa su taka da ƙafarsu zuwa wurin mai ba da rancen.

Da fari sai mu san inda kuɗin su ke fitowa. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, aka danƙa riƙonsa ga Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, wanda asalinsa ƙungiyar gina gidaje ce da aka kafa tun 1956. Ma'aikacin da ke cikin asusun ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa kowane wata. In ya yi wata 6 yana zubi, yana da ikon neman rance. Amma babban bankin ba ya miƙa masa kuɗin hannu da hannu. Ya kan ba ƙananan bankunan jingina masu lasin, irin su Jigawa Savings and Loans, a kan kashi 4, su kuma su ba ma'aikaci a kan kashi 6 a shekara, a biya cikin lokacin da bai wuce shekara 30 ba. Watau tun a cikin tsarin akwai ɗan tsakani guda, wanda Babban Bankin Nijeriya ke sa wa ido. Wanda ya ƙara dillali bisa wannan ya ƙara wa kansa bakin ci.

Ga misali. Malamin da ya ranci naira miliyan 5 a kan wannan sharaɗi zai riƙa biyan kimanin naira 30,000 kowane wata har shekara 30. In dillali ya ce la'adarsa kashi 5 ce, naira 250,000 ke nan, fiye da biyan wata 8. Dillali ya karɓi nasa ran da aka ƙulla, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Malam shi ne zai zauna da bashin. Har wa yau kuma, dillali ba shi da ikon rage ruwan kuɗi, ko sauya ƙa'ida. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka sai da yardar Gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ita banki ke nema ba. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai tsallake da mutum wannan mataki, a yi hattara da shi.

To, ashe dillali ba shi da rana? Yana da ita, musamman a wannan ƙasa tamu ta fadama. Ko da ya ke an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya bai daina ambaliya ba, ga shi kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo, da Kafin Hausa, da Kirikasamma, da Guri, mutanen birni kuma suka kwana suna tare jinga da buhunan ƙasa. Ma'aikacin banki da ya zo duba fili da rani ba zai ga kome ba sai busasshiyar ƙasa. Tsohon dillalin filaye kuwa ya san inda ruwa ya kan tsaya a watan Agusta, ya san filin da ke da rigimar gado. Da ɗan gari a kan ci gari. Sai dai a tuna shi ma so ya ke ciniki ya faɗa, don haka a gwada maganarsa da ta maƙwabta. Gida in ya rushe, bashin ba ya rushewa tare da shi.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai bankunan da ba su mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su kan sayi gidan su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su ba shi haya har ya mallaka. Nan ma gara mutum ya ji sharuɗɗan daga bakinsu.

Shawararmu ita ce a raba aikin biyu. Wajen neman fili a nemi dillali mai amana, a yanke la'ada gaban shaidu. Wajen kuɗi kuwa, zuwa da kai ya fi aike. A tambayi jimlar abin da za a biya, da kuɗin takardu, da na inshora, da abin da zai faru in albashi ya yi jinkiri, a karɓi amsa a rubuce. Allah ya rufa mana asiri, amin.