Kunnen da Aka Gina Daga Hoto

A watan Maris na 2022, a birnin San Antoniyo na jihar Teksas ta Amurka, wani likita mai suna Arturo Bonilla ya dasa wa wata budurwa 'yar ƙasar Meziko mai shekara 20 kunnen dama. Tun haihuwa kunnen nata ɗan dunƙule ne, bai fito cikakke ba. Sabon kunnen kuwa daga naman jikinta aka gina shi.

Da farko an ɗauki hoton kunnenta na hagu mai lafiya da na'urar da ke auna kowane lungu da tudu. Kwamfuta ta juya hoton kamar yadda madubi ke yi, hagu ya koma dama. Likita ya yanko kimanin rabin giram na guringuntsi daga ɗan dunƙulen, aka aika wa kamfanin 3DBio Therapeutics a New York. Can aka raini ƙwayoyin halittar har suka hayayyafa, aka kwaɓa su da sinadarin kolajin, injin ɗab'i na 3D ya zubo kunnen sala-sala daidai awon hoton. Aka dawo da shi, aka cusa ƙarƙashin fata. Ranar 2 ga Yuni aka sanar da duniya.

Kafin nan, tun zamanin likita Radford Tanzer a 1959, ƙirjin yaro ake buɗewa a ciro guringuntsin haƙarƙari, likita ya zauna yana sassaƙa shi da hannu, yana kwaikwayon zanen kunne mai lafiya. Har gobe wannan hanyar ce aka fi bi, kuma tana aiki, sai dai yaro ya kwana da ciwo biyu.

To amma siffa daban, ji daban. Aikin Teksas kunnen waje ya gyara. Yawancin masu wannan larura ramin kunnensu ma a toshe yake da ƙashi, kuma a nan ne hoto ya fi wuƙa daraja. A cikin ƙashin nan jijiyar da ke motsa fuska take bi, kuma a kunnen da bai kammala halitta ba takan kauce daga hanyarta. Likitan da ya huda a makance yana iya tsinke ta, rabin fuska ya shanye, baki ya karkace. Shi ya sa a 1992 Robert Jahrsdoerfer da abokan aikinsa suka fito da ma'auni mai maki 10 da ake karanta mafi yawansu daga hoton CT. Ƙaramin ƙashin nan na cikin kunne mai siffar likkafa, wanda ya fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jikin mutum, shi kaɗai maki 2 ne. Wanda ya tsaya a maki 5 ko ƙasa, ba a buɗe masa rami. A ganina likitan da ya duba hoto ya ce "ba zan yanka ba" ya cancanci yabo daidai da wanda ya dasa kunnen.

Ku iyaye a cikin Birnin Kano, daga Jakara zuwa Mandawari, in Allah ya ba ku jariri mai irin wannan kunne, kada ku tsaya ga rufe shi da hula ranar suna don gudun tsegumi. Likitoci ba sa gaggawar yi wa jariri CT saboda tururin na'urar. Sukan jira sai yaro ya tasa, tiyata ta matso. Gwajin ji ne ba ya jira, domin da kunne yaro ke koyon magana. Galibi can cikin kunnen lafiya lau yake, kuma akwai na'urar da ke isar da sauti ta ƙashin kai. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ku kai shi tun yana goye.