Injin wanke kwanuka ko roba biyu: Lissafin ruwa daga unguwar Makama

Da safe a unguwar Makama da ke cikin garin Yola, kafin rana ta buɗe, 'yan ga-ruwa sun fara tura kurarsu lungu-lungu, jarkoki jere a kai. Duk da cewa Kogin Binuwai na gudana a gefen Jimeta, gidaje da yawa a nan sayen ruwa suke yi, kuma uwargida ta san adadin jarkokin da za su kai ta dare: na girki, na wanka, na alwala, sai na wanke-wanke.

A irin wannan gida, muhawarar da ake yi a Turai da Amurka kan wanke kwanuka tana da ban sha'awa. Can ana cewa inji ya fi hannu tattalin ruwa da makamashi. Shin haka abin yake a Yola?

Maganar tana da tushe. A farkon shekarun 2000, masana a Jami'ar Bonn ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Rainer Stamminger, sun tara mutum sama da 100 daga ƙasashen Turai, suka ba kowa kwanukan cin abincin mutum 12 ya wanke da hannu. A matsakaicin lissafi, kowannensu ya kashe ruwa kimanin lita 100, wato jarka huɗu ta lita 25. Injinan lokacin kuwa sun yi aikin da abin da bai cika jarka ɗaya ba.

Sai dai yawancin ruwan nan ya tafi ne ta bakin famfon da aka bari yana zuba, kuma ruwan zafi ne wanda lantarki ko gas ya dafa. Wani bincike na Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa wanda ya yi amfani da mazubi biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya da ruwan sanyi, ya fi inji rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wato abin da masana suka gano da awo, shi ne abin da 'yan mata ke koya a tsakar gida tun suna ƙanana.

Wanke-wanke a Makama yana da tsarinsa. Ana kankare sauran tuwo a zuba wa kaji ko awaki. Ana jiƙa tukunyar da ta yi ƙanzo tun dare. Kofuna da cokula ake fara sawa a robar sabulu, kwanukan miya masu maiƙo su zo ƙarshe, gindin tukunya kuma toka da soson ƙarfe ne maganinsa. Ruwan ɗauraya ba ya tafiya a banza: da shi ake yayyafa tsakar gida kafin shara.

Inji kuwa yana da sharuɗɗansa. Yana son famfo mai ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke ba na tsawon awa biyu zuwa uku, kuma mafi yawan wutar da yake ja wajen dafa ruwa take tafiya. Yana buƙatar sabulu na musamman. Ƙwarya da akushi ba sa jure zafinsa, manyan tukwanen biki ba sa shiga cikinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta domin kwanuka ya zama sayen doki don a kai tsintsiya kasuwa. Inda zai iya biyan kuɗinsa shi ne otal ko makarantar kwana, masu tankin ruwa da ɗaruruwan faranti kullum.

Amma hanyar roba biyu ma tana da nata rauni, kuma a nan ne abin ya shafi rai. Idan ruwa ya yi tsada, ana jan ruwan ɗauraya har ya yi kauri, soso ya kwana a jiƙe, a goge kwano da tsumman da ya riga ya ɗauki datti. Yola ta Arewa da Yola ta Kudu sun ga ɓarkewar kwalara a 2019 da kuma 2024, cutar da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci. Abin da inji ya fi hannu da shi a zahiri shi ne zafin ruwansa.

Ana iya cike wannan giɓi ba tare da inji ba: a sauya ruwan ɗauraya da zarar ya fara duhu, a ɗauraye kwanon jariri da na majinyaci da tafasasshen ruwa, a matse soso a shanya, a kife kwanuka a kan kwando nesa da ƙasa, ranar Yola ta busar da su. Jarka guda da aka ƙara domin ɗauraya ta fi kuɗin ƙarin ruwa a asibiti sauƙi.