Gani Ya Kori Ji: Wane Madubi Ya Dace Da Ɗaukar Hoton Ƙasa?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa a yau da wuya a kai wa hukuma rahoto a kan dashen itatuwa, ko farfaɗo da fako, ko ɓarnar ambaliya, ba tare da an haɗa da hoto ba. Magajin gari yana son ya gani, gwamna yana son ya gani, masu ba da tallafi su ma suna son su gani. Amma mutane da yawa ba su san cewa hoto ma yakan ƙara gishiri ba, ko da mai ɗaukarsa bai yi nufin ƙarya ba. Sirrin abin kuwa yana ga madubin da ke gaban kyamara, wanda masu jin Faransanci suke kira obijektif.

A ce an aiki ma'aikata biyu su ɗauko hoton gona guda a ƙasar Tasawa, gonar da ke da gawo ashirin. Na farko ya tsaya a bakin gonar da madubi mai faɗin gani. Da hotonsa ya fito sai ga fili fetal, itatuwan sun koma can nesa, ƙanana, warwatse, kamar hamada ta riga ta ci wurin. Na biyu ya ja da baya sosai, ya sa madubi mai jawo nesa. A hotonsa itatuwan nan ashirin sun haɗe da juna, sai ka ce kurmi. Gona ɗaya ce, rana ɗaya ce, amma wanda ya ga hoton farko zai ce aikin manomi ya lalace, wanda ya ga na biyu kuwa zai ce ba sauran aiki. To, ke nan zaɓen madubi ba wasan masu yawon buɗe ido kaɗai ba ne, batu ne da ya shafi gaskiyar abin da muke faɗi a kan ƙasarmu.

Ma'anar lambobin da ke jikin madubi

Kowane madubi yana da lamba a jikinsa da milimita: 24, 35, 50, 200 da sauransu. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In lambar ta yi ƙanƙanta, madubin yana ganin fili mai faɗi, amma kome yana fitowa ƙarami. In lambar ta yi girma, filin yana tsukewa, amma abin da ke nesa yana fitowa babba.

Ga lissafin a kan babbar kyamara, wadda farantin karɓar haskenta yake da milimita 36 a kwance da 24 a tsaye, daidai da fim ɗin da. In ka dubi abin da ke nisan mita 100 daga inda kake tsaye, madubi mai lamba 24 zai ɗauko faɗin mita 150. Mai lamba 50 zai ɗauko mita 72. Mai lamba 200 kuwa mita 18 kaɗai zai ɗauko. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku a kansa ya riga ya san rabin sana'ar.

Sai dai a lura, yawancin kyamarorin da ke ofisoshinmu masu ƙaramin faranti ne. A kansu sai an ninka lambar sau ɗaya da rabi, ko sau 1,6 in ta Canon ce, kafin a san ainihin faɗin ganinta. Madubin nan mai lamba 18 zuwa 55 da ake sayar da su tare da shi, aikinsa ya yi daidai da na kimanin 27 zuwa 82 a babbar kyamara. Ita kuwa wayar salula, babban idonta mai faɗin gani ne, yawanci kusa da 24 zuwa 26. Shi ya sa duk wanda ya ɗauki hoton tsauni da waya yakan ga tsaunin ya koma kamar suri. In kuma ya buɗa hoton da yatsu biyu, a yawancin wayoyi yanke gefe kawai ya yi, hoton ya dusashe.

Madubi mai faɗin gani

Madubi daga 16 zuwa 35 shi ne na wurin da ba a iya ja da baya, da kuma wurin da sararin sama yake da abin kallo. Lungunan Birnin Damagaram da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, da hadarin damina in ya taso daga gabas, da tabkin Madarumfa in ya cika, duk aikinsa ne. Amma yana da sharaɗi: dole a sami wani abu a kusa da zai riƙe ido, kamar dutse, ko kwalekwale, ko bakin rijiya, ko ramin rabin wata da aka haƙa don tare ruwa. In babu, rabin hoton zai zama ƙasa tsirara, rabi sama tsirara, babu abin da mai kallo zai kama.

Aibinsa na biyu shi ne karkatar da gini. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda tsawonta ya kai mita 27, tana tsakiyar tsohon gari da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Wanda ya tsaya a gindinta ya ɗaga kyamara sama da irin wannan madubi, zai ga hasumiyar ta fito kamar za ta faɗi baya. Maganin abin shi ne a nemi wuri mai ɗan nisa ko mai tudu, a riƙe kyamara a miƙe, kada bakinta ya dubi sama.

Madubi matsakaici

Daga 35 zuwa 50 shi ne madubin da ya fi kusa da yadda mutum yake jin ya ga wuri da idonsa. Ba ya faɗaɗa fili, ba ya cusa itatuwa cikin juna. Saboda haka shi ne madubin shaida. Ma'aikacin gandun daji, da malamin gona, da duk wanda hotonsa zai shiga rahoto, wannan ya kamata ya zama abokin tafiyarsa. Alhamdu lillahi, madubi mai lamba 50 da ba ya zuƙowa yana cikin mafi araha da mafi kaifi a kusan kowane kamfani.

Madubi mai jawo nesa

Daga 70 zuwa 200 ko 300 shi ne na abin da ba a iya kusanta. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce 50 ba kafin a tashi tsaye wajen kare su. Raƙumin dawa mai tsawon mita 5 a nisan mita 100, madubi mai lamba 24 zai fito da shi kashi ɗaya cikin ashirin na tsayin hoton, kamar ƙwaro. Mai lamba 200 kuwa zai ba shi kusan rabin hoton, ba tare da an firgita dabbar ba. Haka nan tsaunukan Abzin, inda dutsen Bagzan ya haura mita 2.000, ba sa nuna kwarjininsu sai an tsaya nesa an jawo su, tsauni bayan tsauni. Gadar Kennedy da aka buɗe a Yamai a 1970, da masunta a ƙarƙashinta da faɗuwar rana, ita ma ta wannan madubi ce.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Ba madubin ne da kansa yake haɗe itatuwa ba, nisan da mai ɗauka ya tsaya ne. Daga nesa, tazarar da ke tsakanin itace da itace ba ta bayyana, madubin kuwa yanko wannan ɗan yanki kawai yake yi ya girmama shi. Saboda haka ƙafa ke fara zaɓe, madubi ya biyo baya: a fara neman wurin tsayawa, sannan a ɗauko madubin da zai cika hoton daga nan.

Wannan madubi yana da abokan gaba biyu a ƙasarmu. Na farko hazo: a lokacin hunturu, duk nisan da aka jawo ƙura ce ake jawowa, hoton ya fito fari fat. Na biyu kawalwalniya: da tsakar rana a bazara iska tana rawa a kan ƙasa mai zafi, kome tsadar madubi ba zai ba da hoto mai kaifi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe bayan fitowar rana, ko da la'asar sakaliya, musamman washegarin ruwan sama da ya wanke iska. Kuma yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman tsauni. Da madubi mai lamba 200, kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, in ba haka ba a ɗora ta kan ƙafa uku.

Kada a ɓata kuɗi a banza

Akwai wata lamba kuma da ake rubutawa da harafin f, ita ce girman ƙofar haske. Madubai masu babbar ƙofa, irin f/2,8 ko f/1,4, suna da tsada da nauyi, amfaninsu kuwa ya fi yawa a ɗaki mai duhu ko hoton fuska. Mai hoton ƙasa yana son na kusa da na nesa duka su fito sarai, don haka yawancin aikinsa a f/8 ko f/11 yake, inda madubi mai araha ma yake yin kyau. Haske dai ba mu rasa shi ba. Ofishin da zai sayi kaya, gara ya sayi madubai biyu matsakaita da ƙafa uku mai ƙarfi, da ya zuba kuɗin duka kan madubi ɗaya na alfarma.

Wanda zai sayi na hannu ya haska shi da tocila ya duba ƙarzuwa da fumfuna a ciki, ya kuma gwada shi a jikin kyamararsa, gama kowace ƙwarya da abokin burminta: madubin Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye. Game da ƙura kuwa, kada a canja madubi a fili ana iska, a shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana duban ƙasa. Kada a goge shi da bakin riga ko rawani, domin rairayi yana yanka gilashi; a fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Kada kuma a bar kaya cikin mota a rufe a rana.

Hoto a matsayin amana

Abin da ya sa muka tsawaita a kan wannan batu shi ne tarihinmu da kansa. Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta ɗauka ƙasar noman Nijar ta tafi ke nan. Amma tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da ake kira sassabin zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona maimakon a sare shi, manoman Damagaram kuma suka raya gawo a gonakinsu. Da masu bincike suka gwama hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000, sai suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200. Hoton da aka ɗauka a wuri ɗaya, shekaru a tsakani, shi ya sa duniya ta yarda da aikin talakan Nijar. Itacen Tenere kuwa, da mota ta kayar a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, amma yadda yake tsaye shi kaɗai a cikin rairayi sai a hoto ake ganinsa yanzu.

Saboda haka duk ma'aikacin da zai ɗauki hoton wuri don a gwada shi da na gaba, ya kiyaye waɗannan: ya kafa alama a inda ya tsaya, ya sa wani abu da ba ya gusawa a cikin hoton, kamar tudu ko masallaci ko rijiya, ya rubuta a littafi lambar madubi, da irin kyamara, da rana, da sa'a, da gefen da ya fuskanta. In shekara ta zagayo, a koma wurin nan da lambar nan a watan nan. Watan yana da muhimmanci ƙwarai, domin gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Wanda ya gwama hoton Agusta da na Fabrairu zai ba da labarin da ba haka yake ba. Kafin a ɗauka kuma a gaida mai gari da mai gona, a nemi izininsu.

Ƴan'uwa masu karatu, madubi mai faɗi yana da ranarsa, mai jawo nesa yana da tasa, amma in hoto zai zama shaida a gaban hukuma da jikokinmu, a riƙe matsakaici, a kuma rubuta yadda aka ɗauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya karkararmu.