Dogon bene: aikin da ake gamawa kafin a haƙa harsashi

A manyan biranen Najeriya, inda farashin fuloti ya gagari mai matsakaicin samu, jama'a kuma suke ta kwararowa daga karkara, masu dukiya da kamfanonin gidaje sun karkata ga dogayen benaye, wato gine-gine masu hawa da yawa waɗanda ake raba kowane hawa zuwa sassa domin iyalai su saya ko su kama haya. Irin wannan gini yana magance ƙarancin fili, sai dai yana tara rayuka masu yawa a kan tushe guda, kuma yawancin abin da zai sa ya tsaya ko ya rufta an riga an yanke shi a kan takarda da kuma cikin ƙasa tun lebura bai ɗaga diga ba. Saboda haka sanin yadda ake shirya shi ya shafi mai saye da ɗan haya da maƙwabci kamar yadda ya shafi mai ginin.

Matakin farko shi ne gwajin ƙasa, kuma shi ne aka fi tsallakewa, domin kuɗi ne da ake kashewa a kan abin da ido ba ya gani. Masana suna huda ramuka masu zurfi a wurare daban-daban na filin, kamar yadda ake haƙa rijiyar burtsatse, su ɗebo samfurin kowane sashe na ƙasar zuwa ɗakin gwaji, su auna nauyin da za ta iya ɗauka ba tare da ta lotsa ba, su kuma gano nisan ruwan da ke kwance a ƙarƙashi. Sakamakon ne yake nuna irin harsashin da ya dace. Inda ƙasa take da tauri, faffaɗan harsashi na kankare da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya yana iya wadatarwa, amma inda take da laushi, kamar yashin gaɓar teku da cikon fadama a unguwannin Ikoyi da Lekki na Legas, sai an kafa turaku, wato dogayen ginshiƙan kankare da ake nitsarwa har su tarar da ƙasa mai ƙarfi. Arewa ma tana da nata matsalolin, domin baƙar lakar da ake samu a sassan Borno da Adamawa da Gwambe takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta riƙa motsa duk abin da aka ɗora mata, a Kano da Zariya kuwa akwai filaye da yawa da asalinsu kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai. Wanda ya dogara da cewa ginin maƙwabcinsa ya tsaya lafiya ya yaudari kansa, domin ƙasa takan sauya hali tsakanin fuloti da fuloti.

Daga nan sai zane, wanda a haƙiƙa zanuka ne da yawa daga hannun mutane daban-daban. Mai zanen gini yana tsara ɗakuna da hanyoyi da mashigar iska da haske, injiniyan ƙarfin gini yana lissafa girman kowane ginshiƙi da kaurin rodin da za a saka a cikinsa da yawansa, injiniyoyin lantarki da na ruwa suna shata hanyar waya da bututu, mai ƙididdigar kaya kuma yana fitar da yawan siminti da tsakuwa da yashi tare da kuɗinsu. Kowane rukuni yana da hukumar da ke yi masa rajista: COREN ga injiniyoyi, ARCON ga masu zanen gini, CORBON ga ƙwararrun magina, kuma Ƙa'idojin Gine-gine na Ƙasa na shekarar 2006 sun tanadi cewa irin waɗannan masu rajista ne za su sa hannu a zane. Birkila, komai daɗewarsa a sana'a, gwani ne wajen aiwatar da abin da aka zana, ba shi ne zai yanke yawan rodin da ginshiƙi yake buƙata ba.

A wannan lissafi ne ake ƙayyade yawan hawa, kuma nan ne wata tsohuwar ɗabi'a take zama haɗari. An saba a gina ƙasa a shiga, a bar rodi yana leƙe a saman dakin, in hali ya samu bayan shekaru a ɗora wani hawa. A ƙaramin gida ma wannan ganganci ne idan ba a tanade shi a harsashi ba, balle a dogon bene, inda kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi ta kankare take da nauyin kusan kilo 2,400, ban da bulo da tayil da kayan ɗaki da mutane, tankin ruwa mai cin lita 1,000 kuma yake ƙara tan guda cur. Ginshiƙan hawan ƙasa su ne suke ɗaukar jimillar duk abin da ke samansu, kuma da zarar an zuba su ba a ƙara musu ƙarfi da kyakkyawar niyya. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40 har da mai ginin, shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas ya shaida wa manema labarai cewa izinin hawa 15 aka bayar, aka kuma gano cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a kan aikin ya janye hannunsa a rubuce tun a shekarar 2020. Kafin wannan, a watan Satumba na 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas ya rufta yayin da ake ƙara masa hawa, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu, binciken kotu kuma ya tabbatar da cewa ginin ba shi da izini.

Izinin gini kansa mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin harajin da ake biya domin a rabu da jami'ai, alhali manufarsa ita ce wasu masana da ba su da riba a aikin su sake duba zanen. A Kano hukumar KNUPDA ce ke da wannan nauyi, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na birnin tarayya, kuma abin da suke dubawa ya haɗa da tazarar gini daga titi da daga katangar maƙwabta, da wurin ajiye motoci, da ko magudanun unguwar za su iya ɗaukar ruwan da zai fito. A unguwannin Hausawa akwai ƙarin lamari da mai zane daga nesa kan manta da shi, wato tagogi da barandar bene da ke kallon tsakar gidan maƙwabta, inda mata suke harkokinsu, rigimar da sauya fuskar taga a kan takarda yake kashewa cikin minti kaɗan, amma in an gama gini sai ta kai gaban mai unguwa ko alƙali. Dokar inshora ta 2003 ma, kafin a maye gurbinta a shekarar 2025, ta wajabta yi wa duk ginin da ya haura hawa biyu inshora tun ana cikin aikinsa, domin leburori da masu wucewa su sami diyya idan wani abu ya faru, ko da yake kaɗan ne suka bi wannan tanadi.

Gobara ita ce jarrabawa ta biyu bayan nauyi, kuma maganinta ma a zane yake. Tsanin motar 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa manyan hawa na sama, lif kuwa ba a shigarsa yayin gobara, don haka matakala ce kaɗai mafitar mazauna. A gobarar benen Grenfell mai hawa 24 da ke Landan, a watan Yuni na 2017, mutum 72 suka rasu, saboda rufin ado da aka manna wa bangon waje ya ɗauki wutar zuwa sama cikin gaggawa, ginin kuma matakala ɗaya tak gare shi, abin da ya sa daga baya gwamnatin Birtaniya ta sanar da wajabta matakala ta biyu a sababbin gidajen zama da suka haura mita 18 a Ingila. Matakala biyu a ɓangarori daban-daban, da ƙofofin da ke tare hayaƙi, da bututun da ke kai ruwan kashe wuta kowane hawa, da titin da motar kwana-kwana za ta iya shiga, duk ba a cusa su bayan an gama gini.

Haka lamarin ruwa da lantarki yake a ƙasar da wuta take ɗaukewa ba sallama. Tsoho ko mai juna biyu da ke hawa na goma fursuna ne a ranar da lif ya tsaya, famfo kuma ba ya hawa sai da injin tura ruwa, saboda haka wurin janareta ko farantan hasken rana, da wanda zai riƙa biyan kuɗin mai da gyara, tambayoyi ne na ranar zane.

Sai kuɗi da jadawalin aiki, waɗanda rashin tsara su ne yake haifar da ha'inci a kaya. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma ana tabbatar da hakan ne ta hanyar zuba samfurinsa a ƙananan akwatuna, a matse su da inji a kwana na 7 da na 28 a rubuta sakamakon. Ɗan kwangilar da kuɗi suka yanke masa, ko wanda masu saye suka matsa wa lamba, shi ne yake rage siminti, ya sauya rodi da mai ƙaramin kauri, ya kuma cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai ƙosa ba. Shi ya sa ake rubuta sunan ɗakin gwajin da wanda zai sa hannu a kowane mataki a cikin yarjejeniya tun farko.

Wanda aka tallata wa sashe a benen da ba a gama ba, ana neman ya biya kafin alƙalami, yana da haƙƙin ya ga takardar mallakar filin, da rahoton gwajin ƙasa, da zanen da ke ɗauke da hatimin hukuma, ya ƙirga hawan da aka amince da su ya gwada da wanda ke jikin hoton talla, ya kuma karɓi lambar rajistar injiniyan ya tantance ta a ofishin COREN. Maƙwabcin da ya ga ana ɗora sabon hawa a kan tsohon gini, ko ana ci gaba da aiki da dare bayan hukuma ta shafa jan fenti a bango, ofishin tsara birane na jiharsa ne wurin kai rahoto, kuma ya fi kyau ya kai shi a rubuce ya riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata.